Abin da Ke Cinyewa

Wata biyar da kwana tara
ina jidar yashi daga bakin Binuwai
a babur mai ƙafa uku, ja, mai akori a baya.
Ran Talata, a hawan da ke bayan gada,
na murɗa totur, inji ya kwarma ihu,
tayoyi suka ce ba da su ba.
Ƙauri ya taso kamar an mance tuwo a murhu.
Na sauka, na sa kafaɗa,
Garwa tana wucewa tana kallona.

Takardar tana ƙasan akwati, cikin leda,
tare da ta haihuwar yara.
Wata shida, in ji Alhaji Bobbo ranar ciniki,
tafinsa a ƙirji:
kome ya lalace, Hayatu, kawo shi.

Na kawo.
Alhaji ya tafi Marwa ta'aziyya.
Akawunsa, Dawai, ya goge tabarau da bakin riga,
ya juya takardar ta baya
inda rubutu ya ƙanƙance kamar ƙwan kiyashi.
Ya karanta da Faransanci, ya juya mini da Hausa:
taya, birki, kuloci,
duk abin da ke cinyewa da aiki
ba ya cikin garanti.

Na ce, to mene ne ba ya cinyewa?
Ga hannuna na hagu, duba kantar.
Ga gwiwa. Ga silifa.
Dutsen niƙan tsohuwata ma ya yi rami.
Ku faɗa mini abin da kuka ɗauki nauyi,
fenti? Ko sunan kamfani?

Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba.
Ya ɗaga farantin kuloci a hasken ƙofa,
baƙi ƙirin, sumul kamar bayan ludayi.
Buhu nawa kake ɗorawa?

Nan bakina ya yi nauyi.
Littafi ya ce goma.
Ni sha takwas nake yi, ran kasuwar Pitowa ashirin.
Amma ai littafi ba ya zuwa nan ran Juma'a
da sefa dubu ashirin da biyar
ya ajiye a kan wannan tebur.
Ni nake zuwa.
Da buhu goma, bashinku zai ga jikokina.
Ku kuka ɗora mini kaya, na ɗora wa ƙarfe,
ƙarfe ya rasa wanda zai ɗora wa, ya ƙone.

Dawai ya daɗe yana kallon fanka.
Ya ce, ni ma ɗan aiki ne.
Ya rubuta farashin sabo a bayan rasit,
ya ja layi biyu a ƙasa.

Bappa Sali yana gindin dalbejiya bayan tasha,
ba allo, ba hatimi,
sai tabarma da man inji ya rine.
Ya shinshina farantin, ya ce, ka dafa shi da kyau.
Ya tono wani daga cikin tsohon bokiti,
na hannu ne, amma da sauran nama a jikinsa.
Kafin la'asar inji ya kama.

Na ce, garanti fa?
Ya nuna itacen da sifana:
ta fi shekara talatin a nan, ni ma haka.
In ya ba ka kunya, ka san hanya.
Sai dai ka riƙa cika hannu da wuri a kan hawa,
kuma ka rage buhu uku, don Allah.

Na rage biyu.

Takardar ban yar ba.
Saura mako uku ta mutu,
wa ya sani, ko fenti ya ɓare.
Dudu ta ɗauke ta jiya da dare
tana koyon karatu a hasken waya,
tana bin ƙananan baƙaƙen da ɗan yatsa,
waɗanda ubanta ya sa wa hannu bai gani ba.